Idan Kwale-kwale Ya Kife a Tsakiyar Ruwa, Ta Yaya Ake Komawa Ciki?

Abin da ke fara faɗo wa mutum a rai idan kwale-kwale ya kife da shi shi ne gaɓa. Yana ɗago kai zai hango itatuwan bakin ruwa, ya ga kamar ga su nan kusa, sai ya saki jirgin ya kama iyo. Amma duk wanda ya taɓa ratsa ruwa daga Yauri zuwa ƙasar Ngaski, inda Kwara ta buɗe ta zama tafkin Kainji, ya san ido ba ya iya awo a kan ruwa. Nisan da ka yi wa kallon minti biyar sai ya ci rabin awa, ga riga ta jiƙe ta yi nauyi, ga ruwa yana ɗauke ka gefe, gaɓar kuma tana nan inda ka fara hango ta. Jirgin da ka baro kuwa, in dai ƙarami ne kuma ba inji ko yashi a cikinsa, yawanci yana nan yana lilo a sama. Babu wani abu a wurin da zai ɗauki nauyinka kamarsa, kuma shi masu neman ceto za su hango daga nesa, ba ɗan kanka da ke leƙowa tsakanin igiyoyin ruwa ba.

To, an riƙe jirgi. Riƙewa dai tana saya maka lokaci ne kawai, hannu kuma yana gajiya. Abin da ake so shi ne mutum ya birkito jirgin, ya rage ruwan cikinsa, ya hau, ya tuƙa kansa zuwa gaɓa ko da babu kowa a kusa. Wannan kuwa ba ƙarfin damtse ke yin sa ba. Ƙaton mutum zai iya yin yunƙuri biyar jirgin yana sake kifewa a kansa, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zo ya hau a karo ɗaya, saboda shi yaron ya san inda zai ajiye nauyinsa.

Mutanen da suka fi kowa zama su tsara wannan al'amari daki-daki su ne masu tuƙa kayak. Kayak siririn jirgi ne na mutum ɗaya, asalinsa daga mutanen Inuit na can ƙuryar arewacin duniya, wajen Girinlan da Kanada da Alaska. Su kan haɗa ƙwarangwal na itace ko ƙashi, su lulluɓe shi da fatar dabbar teku, su bar ƙofa ɗaya a sama inda matuƙi zai zura ƙafafu ya zauna. Filafilinsa baki biyu gare shi. Na zamani da roba ake yin sa ko faiba, kuma irin na tafiya mai nisa tsawonsa ya kai wajen mita biyar, faɗinsa bai wuce santimita 60 ba. Jirgi mai wannan sirantaka kifewa ba baƙuwarsa ba ce, shi ya sa masu koyarwa ba sa jiran ta faru, tun a darasin farko ake sa ɗalibi ya kifar da kansa da gangan. A Kebbi da wuya ka ga kayak, sai dai Legas, ko tafkin Jabi a Abuja, ko a gasar Olamfik inda Jonathan Akinyemi ya tuƙa wa Najeriya a Landan a 2012. Amma ɗan kwale-kwalen da masunci ke shiga da asuba ya je duba kallinsa, wato ragar kifin da ya kafa, bai fi kayak faɗi da wani abin kirki ba. Da yawan dabarunsu za su yi aiki a jiragenmu, wasu kuma ba za su yi ba ko kaɗan.

Daƙiƙun farko na numfashi ne. Ruwa yana dukan fuska ba zato jiki zai nemi ya ja iska da ƙarfi, wanda kansa ke ƙasa a lokacin kuwa ruwa zai shaƙa. Mai kayak ana koya masa ya sunkuya gaba, ya fizge murfin da ya rufe bakin ƙofar, ya dafa gefe biyu ya zamo ƙafafunsa ya fito. Mu jiragenmu a buɗe suke, mutum zubowa yake yi, saboda haka maƙalewarmu daban ce: koma, birgi, kalli, da igiyar mamari mai ƙugiyoyi, duk suna zubowa tare da kai. Masuncin da ƙafarsa ta shiga idon koma ya hau shure-shure ƙara ɗaure kansa yake yi. Wuƙa a jiki ya kamata ta kasance, a ɗamara, domin wadda aka ajiye a ƙasan jirgi ta riga ka isa ƙasan kogi. Babbar riga da takalmin ruwa na roba kuwa, da zarar ka dafa jirgi da hannu ɗaya, ka rabu da su.

Daga nan hannu ɗaya a jirgi, ɗaya a filafili. Iska tana tura jirgin da ba kowa a ciki da saurin da mai iyo ba zai cim masa ba, musamman na roba mara nauyi, don haka saki na daƙiƙa biyar ya isa ya raba ku har abada. Masu kayak idan suna buƙatar hannu biyu sukan kwanta rigingine su zura ƙafa ɗaya cikin ƙofar jirgin da ke kife, ƙafar ta riƙe musu shi. A kwale-kwale igiyar goshi ce ke yin wannan aikin, amma a riƙe ta a hannu, kada a ɗaura ta a ƙugu ko a naɗe ta a wuyan hannu. Jirgin da ruwa ya fizga zai tafi da wanda ya ɗaure kansa da shi.

Ɓangaren da mutum ya tsaya ma magana ce babba. Inda ruwa ke gudu, ka kasance ta sama, wato ta inda ruwan ke fitowa, jirgin yana gabanka. Kwale-kwalen da ya cika da ruwa nauyinsa ya haura rabin tan, idan ya matse ka a jikin dutse ko kututture babu mai ɓamɓare shi. Kututture kuwa akwai shi a wannan yanki: tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da gonaki da tsohon garin Busa, itatuwa da yawa suna nan tsaye a ƙarƙashi, wasu suna leƙowa idan ruwa ya ja baya. Inda iska ce ta fi ƙarfi, ka tsaya ta inda take busowa. Idan ka tsaya ta ɗaya ɓangaren jirgin zai riƙa hawa kanka, ƙafafunka su shige ƙarƙashinsa, alhali kuwa duk dabarar hawa ta dogara ne a kan ƙafafu su taso sama.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi. Mutum yana tsaye a cikin ruwa, ƙafafu suna kallon ƙasa, sai ya kama bakin jirgi ya ja jikinsa sama. Duk nauyinsa ya taru a gefe ɗaya kenan, jirgi kuwa ba gini ba ne, sai ya karkato ya ɗebi ruwa ya sake kifewa. Abin da ake yi shi ne ka kwanta a kan ruwa rub da ciki, ka yi ta buga ƙafa har dugaduganka su fito sama, ka miƙa hannu ka kamo ɗaya gefen na can, sannan da bugu ɗaya mai ƙarfi ka jawo jirgin ya shigo ƙarƙashin ƙirjinka. Ba hawa kake yi ba, zamewa kake yi a kwance. Idan cibiyarka ta kai tsakiyar jirgin, ka tsaya a haka ka huta, kai a ƙasa, ƙafafu a ruwa. A wannan yanayin jirgin ba ya kifewa, domin nauyinka ya rabu biyu. Wanda ya yi gaggawar ɗago kai ya zauna, a nan yake komawa ruwa.

Ga irin kayak ɗin da ake zama a samansa, wanda ba shi da rami, aikin ya kusa ƙarewa a nan. Birkito shi ma da sauƙi: ka kwanta a bayansa, ka kamo gefen can, ka koma da baya da nauyinka. Ruwan kansa yana zurarewa ta ramukan da aka yi masa. Ka mirgina ka sa mazaunanka a kujera ƙafafu suna reto waje, sannan ka shigo da su ɗaya bayan ɗaya.

Mai rami shi ne mai wahala. Yawancin na tafiya mai nisa suna da ɗakunan iska biyu da aka toshe, gaba da baya, waɗanda ke hana shi nitsewa. Tun yana kife ake zuwa goshinsa a ɗaga shi sama da ƙarfi ana buga ƙafa, ruwan ciki ya gangaro ya zube ta ƙofa, sannan a juya shi kafin a sauke. Hawa kuma ta baya ake yi, inda ya fi ƙasa. Ka ɗora ƙirji a kai, ka juya ka fuskanci goshi, ka wurga ƙafa ɗaya ka ɗare shi, ƙafa nan ƙafa can suna cikin ruwa a buɗe, ƙirji manne da jirgi. Sai ka yi ta jan ciki gaba kaɗan-kaɗan har mazaunanka su zo daidai ƙofar. Su za ka fara jefawa ciki, ƙafafu su biyo. Wannan hanya tana da sauri kuma ba ta buƙatar kayan aiki, sai dai ta ruwa mai kwanciya ce. Idan iskar hadari ta taso tafki ya fara tumbatsa, ko gwani yakan faɗo sau biyu sau uku.

Don haka suka ƙirƙiro wata dabara da, a ganina, ita ce ta fi dacewa da mu. Suna tafiya da wata 'yar jaka da ake hura wa iska da baki, a zura ta a bakin filafili ɗaya. Sai a gicciya filafilin a bayan kujera, a maƙale shi da igiyoyin jirgin, bakin mai jakar ya miƙe can waje a kan ruwa. Jirgin ya sami madogara kenan ta wannan gefe. Mutum zai ɗora ƙirji a bayan jirgin, ya rataya ƙafa a sandar filafilin, ya zura ƙafafu cikin rami yana kife, sannan ya juyo ya zauna. Ƙa'idar guda ɗaya ce: nauyinka ya riƙa rinjaya ta wajen jakar a kowane lokaci, domin ɗaya gefen ba shi da abin tokara, ka karkata can ka tafi. Bayan ka zauna ma ba a cire jakar sai an gama fitar da ruwa da famfon hannu.

Bakabe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan. Duk wanda ya je Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta sun faɗa ruwa kowa da homa da ƙaton gora, mutum ya kwanta a kan goransa ya ɗauke shi cak. Iskar da ke cikin goran ce ke wannan aiki, kuma ita ce a cikin jakar Bature. Jarka mai lita 25 da aka rufe bakinta da kyau tana iya tallafar nauyin da ya kusa kilo 25 kafin ta nitse, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Wani zai ce, ina kilo 25 ina mutum mai kilo 70? Amsar tana wajen nisa. Mai kilo 70 da ya danne bakin jirgi, santimita 30 ne kawai tsakaninsa da tsakiyar jirgin. Jarkar da aka ɗaura a ƙarshen gwangwalar da aka gicciya a kan kwale-kwalen kuwa tana can mita ɗaya da rabi. Ka ninka nauyi da nisa: nasa 21, nata 37 da ɗoriya. Jarkar ta rinjaye shi. Galan mai lita huɗu kuma ba zai kai ko'ina ba a wannan lissafi, kada a yaudari kai da shi. Sharaɗin dai gwangwalar ta ɗauru gam a katakon zama, in ba haka ba za ta goce ta kwanta a jikin jirgi a daidai lokacin da ka hau. Wannan yana nufin igiyar ɗaurin tana nan a shirye tun daga gida, jarkar ma a ɗaure take a jirgi, ba sai an kife a fara neman su ba.

Akwai kuma wanda hannunsa ba zai iya jawo shi ba ko da madogara: dattijo, mai jiki, mace mai ciki, ko wanda ya riga ya gaji. Shi ana yi masa matakala da igiya. A ɗaura ta a gefen can ko a gwangwalar, a ratso da ita ta saman jirgi, a bar madauki yana reto cikin ruwa inda ƙafa za ta kai. Cinya ta fi damtse ƙarfi nesa ba kusa ba. A lura dai madaukin kada ya yi zurfi, in ya yi, ƙafar za ta shige ƙarƙashin jirgi maimakon ta ɗaga mutum.

Dabarar da ta fi burge masu kallo, wato matuƙi ya kife ya birkito da jirginsa ba tare da ya fita ba, da shara ɗaya ta filafili da murɗa ƙugu, kai ya fito a ƙarshe, wannan ta mutanen Girinlan ce, kuma dole ce ta koya musu, don ruwansu yana iya kashe mutum da sanyi. Tana buƙatar jirgin da ya kama cinyoyin mutum kuma rufaffe. A kwale-kwalenmu ba ta da wurin zama.

Jirgin katako

Inda muka rabu da masu kayak sosai shi ne nauyi. Nasu mutum ɗaya yana saɓa shi a kafaɗa. Namu, ko sassaƙaƙƙe ne daga gungume ɗaya ko na allunan katako, ya sha ruwa shekara da shekaru, babu mai ɗaga goshinsa yana cikin iyo. Saboda haka birkito shi za ka yi da ruwansa: ka hau bayansa a kwance, ka kamo bakin can, ka koma da baya. Zai juyo a cike, bakinsa daidai da fuskar ruwa ko ya ɗan fi ta da yatsa biyu. A wannan hali kwasar ruwa aikin banza ce, abin da ka zubar yana dawowa ta sama.

Sai an fara samun ɗan tsayi. Masu ruwa na gargajiya, Sarkawa da Gungawa da sauransu, sun san yadda ake yi: ka koma ƙarshen jirgin, ka tura shi gaba da ƙarfi, ka fizgo shi baya, ka sake turawa. Ruwan ciki ba ya bin jirgin nan take, sai ya taru a ƙarshe ɗaya ya fantsama waje. Wasu kuma ta gefe suke girgiza shi, su danna su saki. Ko wace ka bi, burin ɗaya ne, bakin jirgi ya fito sama da ruwa ko da faɗin tafin hannu ne. Daga nan ka fara kwasa kana waje, kana rataye da hannu ɗaya. A yi lissafi: jirgi mai tsawon mita biyar, faɗin santimita 60, zurfin santimita 30, in an cire sirantakar goshi da gindi, yana ɗaukar lita 500 ko fiye. Da ƙwarya ko yankakkiyar jarka mai cin lita huɗu, kwasa ɗari da ashirin da biyar kenan. Da tafin hannu kuwa sai dai a kwana ana yi. Abin mamaki, wannan 'yar ƙwaryar da kowane jirgi ke da ita, da wuya ka ga wanda ya ɗaura mata zare, kuma ita ce ke fara tafiya idan an kife.

Kada a yi gaggawar shiga da sauran ruwa mai yawa. Jirgin da ruwa ya kai rabinsa ya fi wanda ya cika taf saurin kifewa, saboda da ka ɗan karkata duk ruwan zai ruga wannan gefen ya ƙara maka nauyi. A rage shi sosai tukuna. Wajen hawa kuma, ta ƙarshe ya fi ta gefe, domin jirgi yana jure danna ta tsawonsa fiye da ta faɗinsa: ka danna gindin, ka zame da ciki ka shiga, ka ja jiki zuwa tsakiya, ka zauna a ƙasa ba a kan katakon zama ba.

Idan duk an yi ruwan ya ƙi raguwa, saboda igiyar ruwa tana ta shigowa ko katako ya tsage, akwai sauran hanya. Jirgin katako da ya cika yana iya ɗaukar mutum a haka. Ka zame ka shiga, ka zauna a ƙasansa ruwa har ƙirji, ka buɗe ƙafafu, ka tuƙa da filafili ko da hannu. Tafiyar hawainiya ce, amma ana isa, kuma ba ka kashe ƙarfinka wajen ɗaga kai.

In ku biyu ne abin ya zo da sauƙi, matuƙar ba ku tsaya gefe ɗaya ba. Ɗaya nan ɗaya can, mara nauyin ya hau yayin da ɗayan ya rataya a nasa gefen ya danne. Wanda ya shiga ya gama kwashe ruwa, sannan ya jingina da gefen can ɗan'uwansa ya hawo. In kuma wani jirgi ya kawo ɗauki, a nan ake yawan yin asara ta biyu. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, mutum huɗu kuwa idan suka kama gefe ɗaya na jirgin ceto shi ma ya kife. Mai ceto ya tsaya ɗan nesa, ya jefa igiya ko jarka, ya yi magana da ƙarfi, ya ɗauki mutane ɗaya-ɗaya ta baya.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan ilimi ƙarara, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Duk bayanin nan na ƙaramin jirgi ne mai mutum ɗaya zuwa uku ko huɗu. Babban jirgin kasuwa mai inji, wanda aka loda wa babura da buhuna da mutane har bakinsa yana shan ruwa, labarinsa daban ne. Inji yana jan gindinsa ƙasa, kaya suna danne shi, wani lokaci ma darewa yake yi. Haka ta faru ranar 26 ga Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ta Kebbi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nitse, kaɗan ƙwarai aka ceto da rai. A Gummi ta Zamfara ma, a Satumbar 2024, jirgi ya kife da manoma masu tsallakawa gona. A irin wannan babu batun birkitowa ko komawa ciki. Abin da ke raba mai rai da gawa shi ne abin da ke jikinsa kafin a tashi, da kuma ko an ƙi hawa tun a mashiga da aka ga lodin ya wuce kima. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa mai hana nitsewa, amma kowa ya san yadda ake cika jirgi ranar kasuwa.

Rigar ruwan nan, masunta da yawa suna ganin ta ta baƙi ce da matsorata, su da aka haifa a ruwa. Na fahimci wannan tunani, amma ban yarda da shi ba, kuma hujjata ba iyo ba ce. Rigar da ke ɗauke da lamba 100 tana ɗaga wajen kilo goma ne kacal, mai lamba 150 wajen kilo goma sha biyar, kuma hakan ya isa, don jikin mutum a ruwa ba shi da nauyin kirki. Amfaninta ga gwani shi ne tana sakar masa hannuwa biyu. Ɗaura jarka a gwangwala, kwasa ɗari da wani abu, yanke koma daga ƙafa, duk ayyukan hannu ne, wanda kuma yake amfani da hannunsa don kada ya nitse ba zai yi su ba. Ta kasance a ɗaure dai, wadda aka rataya a wuya ba a zuge ba tana faɗawa ruwa za ta haye kunnuwa. Kuma a san cewa kumburinta na ƙirji yakan maƙale a bakin jirgi wajen zamewa, sai an ɗan ƙara bugun ƙafa.

Akwai lokutan da barin jirgin ne daidai. Idan dorina ce ta kifar da shi, abin da mutanen Yauri ba baƙonsa ba ne, a nisanci wurin. Idan ruwa yana kai ku bakin duwatsu ko cikin rassan itacen da ya faɗo, ka saki, ka kwanta rigingine ƙafafu a gaba, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu don ƙafa tana iya maƙalewa a ƙasa ruwan ya danne ka. Idan kuma ka gwada hawa sau biyu sau uku ka kasa, ka daina. Kowane yunƙuri yana cin ƙarfin da ba ya dawowa. Ka haye bayan jirgin a kife, ka fitar da yawan jikinka daga ruwa, ka riƙa ɗaga filafili. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu. Kwara tana da cika biyu a shekara: ta damina, da wadda ke isowa cikin sanyi, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya daɗe a fadamun Mali kafin ya iso mana. Wato lokacin da asuba ta fi sanyi kuma hazo ya rufe ido, kogin yana da ruwa sosai. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma yatsu ne ke fara mutuwa, daga nan ɗaurin igiya ya gagara. Usur a wuya ya fi ihu nisa a cikin hazo, waya kuma a ƙulle ta a leda a jiki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya da karatu. Sai an je ruwan da ya kai ƙirji, da rana, da mutane a kusa, a kifar da jirgi da gangan a yi ta maimaitawa, sannan a matsa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, domin wanda ke dogara ƙasa ya yi tsalle bai koyi komai ba. A Kabanci na Argungu ana tseren jirage da nutso da kamun agwagwa, a Yauri ana Rigata, in da Sarakunan Ruwa za su ƙara gasar kifarwa da komawa ciki, da samari sun koye ta cikin shekara ɗaya saboda son a yaba musu. Gwajin kuma zai nuna maka abin da ba ka sani ba game da jirginka, wato ko yana tasowa idan ya cika. Wani katakon yana da nauyi, wani ya jiƙu har ya kusa daina tashi, wani jirgin kuma faci da ƙarfe sun yi masa yawa. Idan ka cika naka da ruwa ka ga bakinsa ya nitse, ka samo jarkoki biyu masu lita 25 marasa komai masu murfi mai kyau, ka cusa ɗaya a goshi ɗaya a gindi, ka ɗaure su ƙasa sosai yadda ba za su taso su bar jirgin ba. Kilo 50 kenan ka ƙara masa na tashi, kuma sau da yawa shi ne zai fito da bakin jirgin sama yadda kwasa za ta yiwu.